Rahmatu Mai Wanka da Maganin Asabar

A Karmo in aka ce "a kira Rahmatu", ba a ƙara bayani. Kowa ya san wata mace ce ta cika. Akwai Rahmatu mai awara a bakin titi, akwai wata mai ɗinki a bayan masallaci, amma su sai an haɗa da sana'arsu ake gane su. Ita wannan sunanta kaɗai ya isa, domin shekara goma sha tara ke nan ita ke yi wa matan unguwar wankan ƙarshe.

Siririya ce, mai sauri kamar an koro ta. Mijinta Malam Salisu, mai gadin wani sito a Idu, yakan ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta shanye koko a zaune ba. Tana da ɗan tebur na kayan miya a ƙofar gida, amma rabin cinikin maƙwabta ke yi mata, don ita tana can tana dubiya. Wadda ta haihu da ƙyar, wadda hawan jini ya kayar, tsohuwar da ta daina cin abinci, duk tana da labarinsu. A bayan ƙofar ɗakinta akwai wata baƙar jaka rataye a ƙusa. A ciki akwai sabulu, kafur, garin ganyen magarya, safar hannu, tsummoki wankakku, almakashi da mataji. 'Ya'yanta sun taso sun san ba a taɓa jakar nan ko da wasa.

Ba ita ta nemi aikin ba. Tana sabuwar zuwa Karmo wata maƙwabciya ta rasu, mata suka cika tsakar gida kowa na kallon ƙasa. Sai tsohuwar da ke wanka a lokacin, Inna Luba, ta leƙo daga ɗaki ta nuna ta da baki.

"Ke mai jan zani, zo ki riƙe min buta."

Daga riƙon buta ta koyi komai. Yadda ake naɗe hannu da tsumma, yadda ake danna ciki a hankali, yadda ake fara da dama kafin hagu, da yadda ba a yaye mayafi ko da ɗakin babu kowa. Inna Luba ba ta iya koyarwa da lallashi ba. In ka yi kuskure sai ta buge hannunka a gaban gawa. Amma ta koya mata abu ɗaya da ta fi kowa ɗauka da muhimmanci: in an gama, a taje wa mace gashinta a yi mata kalaba uku a kwantar ta baya. Tsohuwar tana da gashi har gadon baya, fari tas, kuma tana ji da shi fiye da yadda ya kamata mai shekarunta ta ji da wani abu na duniya. Ranar da ta ajiye aikin saboda ciwon baya, ta miƙa wa Rahmatu matajinta.

"Ranar da na tafi, ke za ki yi min kalabar nan da hannunki. Kada ki bar wata ta ja min kai kamar tana kwance igiyar guga."

"Inna, wa ya san mai riga wani?"

"Ban tambaye ki wa'azi ba. Kin yi alkawari ko ba ki yi ba?"

"Na yi."

Ciwon hannu ya fara wa Rahmatu shekara takwas da suka wuce. Da safe sai ta tashi yatsunta sun sandare, gaɓoɓin sun kumbura suna zafi, hannun dama da na hagu daidai wa daida. Sai rana ta ɗaga kafin su saki. Mutane suka ce sanyi ne, ai ba ta rabuwa da ruwa. Wasu suka koma gefe suna cewa wanda ke taɓa gawa dole wata rana ya ɗauko wani abu. Ta sha saiwa, ta shafa man zafi har fatarta ta saɓule, babu abin da ya canza. Maƙwabciyarta Angelina, 'yar Pankshin mai aikin naɗe kwali a wata masana'anta a Idu, ita ce ta gaji da gani ta sa ta a keke napep har wani babban asibiti a cikin gari.

Likitar da suka samu ta ɗebi jini, ta ɗauki hoton hannu, sannan ta yi mata bayani dalla-dalla. Ba sanyi ba ne, ba kuma gawa ba ce. Jikinta ne da kansa ke cin gaɓoɓinta, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ta rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi rawaya da za ta sha sau ɗaya kacal a mako, da wani ɗan na taimako a wata rana daban. Ta ce ba maganin da za a sha yau a ji daɗi gobe ba ne, sai an yi wata biyu ko uku, kuma in an ji sauƙi ba a dainawa. Rahmatu ta zaɓi Asabar. Sunan maganin ya ƙi zama a bakinta, sai gidan duka suka koma ce masa maganin Asabar.

Ya yi aiki kuwa. Kafin wata uku ta koma murɗe tsumma kamar ba ita ba. Sai dai maganin yana da halinsa. In ta sha Asabar, Lahadi ba ta da amfani. Jiki ya mutu, zuciya na tashi, ko ƙamshin miya ba ta so, balle kafur.

Wata Lahadi aka aiko wata mata ta rasu a layin 'yan katako. Ta ɗauki jaka ta tafi, don ba ta san yadda ake cewa a'a ga irin wannan kira ba. Ta yi wanka na farko lafiya, ta yi na biyu. Tana buɗe kafur cikinta ya juya. Da gudu ta fito ta bar gawa a kan tabarma, ta durƙusa a bakin kwata ta yi ta amai a gaban 'yan zaman makoki. Tana nan durƙushe ta ji 'yar marigayiyar, cikin kuka, tana tambayar wata: "Wari Mamana take yi ne?"

Wannan tambayar ta zauna mata a rai, ta ƙi fita. Ta wanke mata sun fi ɗari, ba ta taɓa bari wani ya ga ko yatsine a fuskarta ba, yau ga shi ta sa yarinya za ta rayu tana zaton uwarta ta yi wari. Daga ranar ta kafa wa kanta doka, ba ta shawarci kowa ba. Duk Asabar da safe za ta zaga unguwa dubiya. In babu wadda jikinta ya yi tsanani, ta dawo ta sha magani. In akwai wadda take gani rai kwakwai mutu kwakwai, ta mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani sai wani makon. A ganinta wannan dabara ce mai kyau. Mako ɗaya a nan, mako biyu a can, me zai ci? In ta je asibiti likita ta tambaye ta ko tana sha, sai ta ce, "Ina sha, likita," ta kau da kai tana gyara mayafi.

Haka aka yi ta tafiya shekaru, hannun ya tashi ya kwanta. Sai bayan Babbar Sallar bara, Inna Luba ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye.

'Yarta Kauthar, ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, ta zo da mota ta kai ta asibiti, daga can ta so wucewa da ita gidanta. Tsohuwa ta ce atafau. A ɗakinta na Karmo za ta kwanta, inda take jin muryar mutanen da ta sani. Aka dawo da ita, Kauthar na zuwa kullum bayan an tashi daga ofis.

Asabar ta farko Rahmatu ta je da sassafe. Ta gaishe ta, ta gyara mata matashi, ta zura hannu ƙarƙashin bargo ta taɓa tafin ƙafarta. Sanyi ƙalau. Ta dubi karan hancinta, ta saurari numfashin. Ita da ta ga irin wannan ba adadi, ta ce a ranta wannan ba za ta kai Litinin ba. Ta koma gida ta mayar da ƙwayoyin cikin gwangwani. Ba za ta yi wa Inna Luba amai a kan gawa ba, ko me za a yi.

Litinin ta zo, Inna Luba ta ce a dama mata kunun gyaɗa.

Asabar ta biyu ma haka. Ta uku tsohuwa ta daina magana kwana biyu, aka kira Kauthar daga ofis, aka fara karanta mata Yasin. Ranar Talata ta buɗe ido ta tambayi wa ya ɗauke mata rediyo. Wallahi tsohuwar nan ta wahalar da mutane. Duk Asabar tana bakin tafiya, duk tsakiyar mako tana faɗa da mai yi mata wanki. Ita kuwa Rahmatu duk Asabar sai ta fito da ƙwayoyin ta zuba a tafin hannu, ta tsaya tana kallonsu da kofin ruwa a gefe, sannan ta ce bari dai ta leƙa ta dawo. In ta dawo sai ta mayar.

Wata biyu ba ta ji komai ba, har ta fara cewa ko ma ta warke ne. A na uku ciwon ya dawo da fushinsa. Ya kama yatsu, ya kama wuyan hannu, ya sauka gwiwa. Ta koma sayen maganin kashe zafi a kemis, ta sha ta samu awa huɗu, ya sake ta. Ɗaurin zani ya zama aiki. Malam Salisu ke buɗe mata murfin galan kafin ya tafi Idu. Duk da haka ba ta zauna ba. Tana ɗingishi tana zagaye, ta kasa zaune ta kasa tsaye, waya na ƙara gabanta ya faɗi. Ranar ganin likita ta zo ta wuce, ba ta je ba. Me za ta ce mata? Ta ce ta ajiye magani tana jiran wadda ta ɗauka tamkar uwa ta mutu?

Abin da ya fi ciwon cin ranta ke nan. Wata safiya tana fama da maɓallin riga ya ƙi shiga, sai ta ji zuciyarta ta ce: in da Inna za ta tafi cikin makon nan, da na huta. Ta saki rigar ta zauna a bakin gado tana istigfari, hawaye na zuba. Ta tsani kanta ranar, ta kuma je ta wuni a wurin tsohuwar tana kore mata ƙuda.

Angelina ce ta gano. Ta shigo aron tsintsiya ta tarar da gwangwanin a buɗe, ta ɗaga ta girgiza.

"Maman Uthman, wannan magani naka bai ragewa fa. Tun yaushe ka sha *last*?"

"Ajiye min abina."

"Ni na kai ka asibiti, ni zan tambaya. Duba hannunka yadda ya koma! Kana so ya lanƙwashe gaba ɗaya?"

Rahmatu ta gaya mata gaskiya, a gajarce, tana kallon bango. Angelina ta riƙe haɓa.

"Yesu! To in Mama Luba ya ƙara shekara biyu fa? Ka je ka gaya wa *doctor*, su san yadda za su yi."

"Ba za ta ƙara ba. Na taɓa ƙafarta jiya."

"Haka ka ce wancan wata."

Har Inna Luba sai da ta lura. Wata Asabar Rahmatu ta zura hannu ƙarƙashin bargo kamar kullum, sai tsohuwa ta buɗe ido ɗaya, ta yi magana da bakinta da ya karkace.

"Ke, kullum Asabar sai kin zo kina latsa min ƙafa kamar mai sayen akuya. Lafiya?"

"Dubawa nake ko kina jin sanyi, Inna."

Tsohuwa ta kamo hannunta da hannun da ke motsi, ta shafa gaɓoɓin da suka kumbura. Ta daɗe tana shafawa.

"Me ya sami hannun nan?"

"Damina ce. Zai sauka."

"Ki kula min da shi. Ina da aiki da shi."

Nan ne ya kamata ta faɗa. Ta ce to, ta gyara mata bargo ta fito.

Wata bakwai Inna Luba ta yi a kwance. Asabar talatin Rahmatu ta mayar da magani cikin gwangwani don tsoron Lahadi. Tsohuwa ta tashi tafiya, sai ta tafi ranar Laraba, bayan an idar da sallar asuba.

Kiran ya sami Rahmatu a lokacin da hannunta ya fi sandarewa. Ta miƙa za ta sauko da jaka daga ƙusa, yatsun suka ƙi rufuwa a kan igiyar. Angelina, da ke shirin tafiya aiki, ta sauko mata da ita, ta ɗora ruwa ya yi ɗumi ta tsoma mata hannayen a roba. Suka jira. Rahmatu na ta motsa yatsu cikin ruwa tana cewa yanzu za su saki, kullum ma suna saki. Aka sake aikowa an sa jana'iza ƙarfe goma sha ɗaya. Ta cire hannun haka nan, Angelina ta rataya mata jakar a wuya ta raka ta har ƙofar gidan.

Ɗakin ta san shi kamar nata. An shimfiɗa Inna Luba an rufe ta, ga ruwa a bokiti biyu. Rahmatu ta durƙusa da ƙyar, ta yi bisimilla, ta ɗauki tsumma za ta naɗe hannu. Ya zame. Ta ɗauka da baki da wuyan hannu ta naɗa, ta kai ga moɗa. Ta ɗago ta rabi, wuyan hannunta ya amsa, moɗa ta kife ruwa ya malale a kan siminti. Ta sake gwadawa da hannu biyu, ta sake zubarwa. Matar da ke taya ta ta sunkuyar da kai, ita ma tsohuwa ce, riƙon mayafi kawai ta iya.

Rahmatu ta ja jiki ta leƙa tsakar gida. Mata cike, kowa na kallon ƙasa. Ta hango Kauthar a jikin bango, ido jawur.

"Kauthar, zo."

"Anti, ni? Wallahi ban taɓa ba. *I can't*, tsoro nake ji."

"Uwarki ce. Naɗe hannun rigarki ki shigo."

Da baki Rahmatu ta yi wankan nan. Naɗe hannunki. Danna a hankali, kada ki yaye. Yi mata alwala kamar yadda kike yi wa kanki. Dama tukuna. Kauthar na kuka tana yi, amma tana yi daidai. Da aka zo na ƙarshe aka buɗe kafur, ƙamshin ya cika ɗaki, cikin Rahmatu bai ko motsa ba. Abin da ta ajiye magani dominsa ke nan, ta same shi, ga ta nan zaune hannu a cinya.

Saura gashi.

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Matsa."

Ta matse mataji tsakanin tafukanta biyu ta taje shi, a hankali, tun daga goshi har ƙarshe. Wannan ta iya. Ta raba shi uku da gefen hannu. Ta kama kashi na farko za ta fara tufka, sai silin ya sulale daga tsakanin yatsunta. Ta sake kamawa, ta cije leɓe, ta ɗora ɗaya kan ɗaya, na ukun ya kuɓuce. Zafin yana hawa har kafaɗa, ba shi ya dame ta ba. A waje aka yi gyaran murya, wani ya ce liman na tambaya ko an kusa. Ta gwada na uku. Ta gwada na huɗu. Farin gashin na kwance a jiƙe a kan hannunta, hannun ya ƙi.

Ta sunkuya daidai kunnen tsohuwar.

"Inna, ki yafe min. Kin ce in kula miki da shi, ban kula ba."

Sannan ta ja da baya ta ba Kauthar wuri. Kauthar ba gwanar kitso ba ce, ta kama da ƙarfi don kada ya warware.

"A hankali," in ji Rahmatu. "Ba ta son a ja mata."

Bayan addu'ar bakwai Angelina ta ɗauki hutun yini ta mayar da Rahmatu asibiti. Wannan karon ta faɗi komai, tun daga aman bakin kwata. Likitar ta saurara har ƙarshe, ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce da ta faɗa tun farko, akwai yadda ake yi: a raba ƙwayoyin safe da yamma, ko a ba ta na hana tashin zuciya, ko a mayar da shi allura. Ta juya hannayen ta duba sabon hoto. Kumburin zai sauka in ta koma kan magani ta dage. Amma yatsu biyu na dama da babban yatsan hagu sun riga sun goce daga mazauninsu, waɗannan sai haƙuri.

Yanzu duk Asabar tana sha, ko wa ke kwance a unguwa. Angelina ke ƙirgo mata ƙwayoyin kafin ta tafi aiki, ta tsaya a kanta sai ta haɗiye. Har yanzu in mace ta cika a Karmo ana cewa a kira Rahmatu, ta rataya jaka a wuya ta tafi da ɗingishinta. Tana zama a gefen tabarma ta faɗi yadda za a yi, wasu matan su yi. Mutum uku sun koya a wurinta, kuma an ce ta fi Inna Luba faɗa.

A ƙusar bayan ƙofa, ƙarƙashin jakar, ta sa Malam Salisu ya ɗaura mata tsumma fari da aka tsaga gida uku. Kullum in rana ta ɗaga hannun ya ɗan saki, sai ta tura ƙofa ta tsaya a wurin tana gwada kalaba. Takan kai tufka biyu, wata rana uku, sannan ya warware ta sake daga farko.